Jan Zare, Ƙulli Biyu

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

Na faɗo daga tsani. Bari in fara da wannan tunda duk unguwarmu ta Gangare an riga an ji, har da ƙari. Wai tun ina sama na fara kalmar shahada. Da ma haka ne. "Wayyo ƙafata" na ce.

Na gaya wa mutane ɓera na bi cikin silin ɗin sito. Shekarata hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki ina riƙe da siton Kamfanin Iri na Tudun Sanyi, ban taɓa bin ɓera ko a ƙasa ba, amma kowa ya yarda nan take. Wannan ma ya ɗan sosa mini rai.

Mai ɗori ya ce ƙashin idon sawu ne ya tsage, sati biyar ba taka ƙasa. Ummusalma, matata, ta miƙo mini wannan littafin rubutu ta ce in dinga juye surutun a ciki, kunnenta ya huta. To ga shi. Ni Ishaku mai sito, da na tsaya a aji biyu na sakandare saboda ba mu jitu da lissafi ba, yau na zama marubuci.

Maganar ɓera kuwa, babu ɓera. Littafi na kai sama na ɓoye.

Talata, 8 ga Afrilu, hantsi

Littafin baƙi ne mai bangon fata. Duk sirrin siton nan yana ciki: wane dankalin Turawa ne ke son sanyin Bokkos, wanne ke ruɓewa in ya kwana uku a mota, wane buhu ne na shuka, wanne na ci. Rabi a littafin, rabi a kaina. Shi ya sa ko allura ta ɓata a kamfanin nan sai an nemi Ishaku.

Na ga zamani uku kafin wannan. Da na kama aiki, ilimin kamfanin gaba ɗaya yana cikin kan wani tsoho ne mai cin goro. Da ya rasu, mun yi wata biyu muna buɗe buhu muna shinshinawa. Sai aka kawo akwatin ƙarfe mai aljihu-aljihu, kowane manomi da katinsa. Gara ta riga mu karanta katunan. Sai kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, aka lulluɓe ta da leshi, akawu ɗaya ne tak ya san lambar buɗe ta. Ya samu aiki a Abuja, ya tafi da lambar a aljihu. Duk sun wuce, Ishaku na nan.

Yanzu Oga Gyang, manajanmu, ya je wani kwas a Kuru ya dawo da sabon zance: kamfani ba zai ƙara zama cikin kan mutum ɗaya ba. Yana faɗa yana kallon bango, amma bangon da ke bayana. Za a ɗauki muryar tsofaffin ma'aikata a waya, a rubuta abin da suka sani, a ajiye inda ko lebura zai iya dubawa. Aka ɗauki mai yin aikin a kan gwajin wata shida. Sumayya. 'Yata ta fari, wadda ni na koya wa riƙe cokali.

Ranar da ta samu aikin na yanka kaza. Ban san ni ne kaza ta biyu ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan Magariba

Yau Sumayya a gonar gwaji ta yini tare da Mwadkon, mai kula da gonakin kamfani. A shekara ɗaya muka kama aiki, ni da shi. Awa huɗu ta ɗauki muryarsa.

Kafin a sauke tuwo na ƙirga "Baba Mwadkon" sau tara. Baba Mwadkon yana gane ciwon ganye daga warinsa. Baba Mwadkon ya san sunan kowane manomi har da na karensa. Baba Mwadkon ya ara mata rigar ruwa. Na ce ni ma ina gane miyar da gishiri ya yi wa yawa daga warinta, amma ba wanda ya kawo mini waya. Ta yi dariya ta ce ai sau uku tana zuwa sito ina ce mata gobe. Gaskiya ta faɗa, amma mara lafiya ai a bari ya gama cin abinci tukuna.

Abin haushin, Mwadkon mutumin kirki ne. Shekarar da gari ya rikice shi ya ɓoye ni kwana biyu a ɗakin taki, yana kawo mini gwate a kwanon matarsa. Ta ina mutum zai fara jin haushin irin wannan? Na dai samo hanya.

Baba. Kamar kalmar a kasuwar Terminus ake sayar da ita, uku sule.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Kafin ta fita ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye waya kusa da ƙafar, ta danna. Ta ce jibi za a fara raba wa manoma iri, tana so ta tabbatar da abu ɗaya daga bakin mai sito.

"Baba, buhun da aka ɗinke da jan zare iri ne, mai shuɗi na ci ne, ko? Haka leburori suka ce."

Na ce haka ne.

"Babu wani abu kuma?"

Na ce sai ta tambayi Baba Mwadkon. Ta yi dariya, ta ce don Allah in bar wasa, za ta makara.

"Babu," na ce.

Minti ɗaya da rabi. Shi ne duka muryata a cikin ilimin kamfani. Mwadkon awa huɗu.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan Azahar

Akwai wani abu kuma. Ƙarami ne.

A ɗakin baya na sito akwai buhu arba'in na wani otal mai soya dankali. An barbaɗa musu hodar hana tsiro don su daɗe ba su tsira ba. Shekara shida da suka wuce shuɗin zare ya ƙare mini, sai na ɗinke irin waɗannan da ja, na yi ƙulli biyu a baki maimakon ɗaya. Da shuɗin ya dawo ban daina ba. Abin ya yi mini daɗi. A tsaya gaban buhu ana gardama, ni in shafa bakinsa da yatsa in yanke hukunci, leburori su ɗauka wani asiri ne. Na rubuta a littafi, shafi na casa'in da biyu. Littafi yana silin.

Ba za su taɓa ɗakin baya ba. Irin da ke gaba zai isa. In kuma bai isa ba, ai dole su kira ni, Oga Gyang da kansa, ya ce Malam Ishaku yaya za mu yi. Shi ke nan abin da nake so. Ba wani abu ba.

Tun safe waya na kan cikina. Sau ɗaya ta yi ƙara, masu tallar waƙa ne.

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

Joshua direba ya zo duba ni da ayaba. Yana ta ba da labari da murna: iri ya gaza ranar Asabar, Sumayya ta duba wayarta ta ce akwai jan zare arba'in a ɗakin baya, aka kwashe sai buhu ɗaya ya rage, shi ya kai ƙauyukan bayan Kuru. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ƙara da cewa Oga Gyang ya tara ma'aikata ya ce abin da Ishaku ke yini yana lalube, yarinya ta samo a minti biyu. Har an tafa mata.

Na rufe bakin. Na ɓare ayaba.

Ba a yi ruwan shuka ba tukuna. Buhunan suna nan a ɗakunan mutane. Kira ɗaya zai isa. Na nemo lambar Oga Gyang sau biyu. Minti biyu, wai. Gobe da safe zan kira, in zuciyata ta sauka.

Talata, 15 ga Afrilu, hantsi

An yi ruwa tun asuba, mai yawa. Kowa ya fita shuka.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan Azahar

Wataƙila hodar ta daɗe ta rasa ƙarfi. Komai na ƙasar nan ai jabu ne, me zai sa ita kaɗai ta zama ta gaske?

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Mwadkon ya aiko mata da naman Ista a kula. Ita, ba ni ba. Ni sai gaisuwa da "Allah ya ƙara sauƙi". Awa tara yanzu yake da su a wayar. Me mutum zai faɗa a kan dankali har awa tara? Na tambaye ta, ta ce ba ya ɓoye komai, har kuskuren da ya taɓa yi yana faɗa, wai don kada wani ya maimaita. Na ce to Allah ya sa a ba shi sarauta.

Ummusalma ta ce tun da na karye ban taɓa barin nama a kwano ba sai yau. Na ce haƙori ne. Ta ce ba ta san tsani na taɓa haƙori ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, hantsi

An buga hoton Sumayya an manna a ofis. Joshua ya turo mini. Tana tsaye da waya, Mwadkon a gefenta yana murmushi da wushiryarsa, kamar shi ya biya kuɗin jami'a. A bayansu ƙofar sitona ce. An sake mata fenti.

Kwana goma sha ɗaya da shuka. Dankali kan ɗauki sati biyu zuwa uku kafin ya ɓullo. Ban san me ya sa nake ƙirgawa ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Ƙafa na ƙaiƙayi, mai ɗori ya ce alamar sauƙi ce. Babu labari.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan Azahar

Atine ta zo. Manomiya ce daga bayan Kuru, mijinta ya rasu, shekara goma sha biyu daga hannuna take karɓar iri. Ba ta taɓa zuwa gidana ba, tambaya ta yi tun daga bakin masallaci. Ta ƙi kujera, ta zauna a dandamali, ta kwance bakin zaninta ta zube dankali shida a gabana. Ta tono su ne daga kunya. Sumul suke kamar duwatsun rafi, ko ido ɗaya bai buɗe ba. Gonar maƙwabcinta ta yi kore, tata jar ƙasa ce daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ce tun da ta buɗe buhu ta ga babu tsiro hankalinta bai kwanta ba, amma takardar kamfani ta ce iri ne, an buga da na'ura, sai ta ce wace ce ita da za ta yi musu da takarda. Gona ɗaya ce gare ta. Daga ita ake ci, daga ita ake makaranta.

Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, da kai ne a sito da ba a yi haka ba. Kai ka san aikin. Waɗannan yara sai waya."

Kusan wata guda ke nan ina kwance ina jiran wani ya faɗi wannan magana. Na sha tsara yadda zan amsa, in ɗan sunkuyar da kai in ce ai duk baiwar Allah ce. Yau an faɗa, a tsakar gidana, Sumayya na tsaye a bakin kicin da tire a hannu.

Na ce Allah ya kyauta. Shi ke nan abin da ya fito.

Ta bar mini dankalin. Suna nan a kan taga.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Magariba

Manoma goma sha bakwai ne shukarsu ba ta fito ba. An ba Sumayya takardar neman bayani. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, kuma gwajinta bai cika ba, ba sai an yi dogon zance ba za a sallame ta. An sauke hoton.

Ita ta kawo mini abinci. Ta ajiye, ta tsaya kaɗan, ta ce yau ta sake sauraron muryata. Na jira saura. Babu saura. Ta ɗauki kwanon wanke hannu ta fita.

Ba ta ce Baba ba. Na lura, tunda ni ne mai ƙirga kalmar.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Mwadkon ya zo da takalmin gona, ya cire a ƙofa duk da na ce ya bari. Ya tambayi ƙafa, ya tambayi iyali, ya sha ruwa. Sannan ya ce Oga Gyang ya tambayi yarinya wa ya ba ta bayanin zare, ta ce laifinta ne, ba ta bincika ba. Oga ya ce ai kowane bayani da muryar mai shi a ajiye, ta kunna. Ta ce wannan ɗin ya goge.

Bai goge ba, in ji Mwadkon. Ya gani a jerin da idonsa, minti ɗaya da rabi.

Na ce yaran yanzu akwai taurin kai, ban san inda ta gado shi ba. Bai yi dariya ba. Ya juya hularsa a hannu ya ce jiya ya hau silin ɗin sito neman inda ruwa ke yoyo.

"Na ga ɓeran naka, Ishaku. Baƙi ne, yana da bangon fata."

Na tambaye shi ko ya buɗe. Ya ce bai taɓa ba, wanda ya ajiye shi ne zai sauko da shi. Na nuna masa ƙafa. Ya ce ƙafa ba matsala, shi zai hau, amma sai in ni na riƙe tsani.

Da zai tafi na ce masa ya ji daɗi, an ba shi 'ya kyauta. Ya tsaya yana sa takalmi, ya ce rabin awannin nan da nake ƙirgawa labarina take tambayarsa: yadda nake da ina saurayi, ko da can ma haka nake da wasa, ko na taɓa cewa ina alfahari da ita. Ya ce na ƙarshen bai san amsa ba, sai ya ce mata eh.

Laraba, 7 ga Mayu, hantsi

Na ce wa Ummusalma ta goge mini farar rigata. Ba ta tambayi ina za ni ba. Tun ranar naman Ista, in ji ta, take jiran in nemi rigar.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan La'asar

Keke mai ƙafa uku na shiga, da sanda. Mwadkon ya hau, na riƙe tsani da hannu ɗaya da kafaɗa, leburori na kallo. Mutum mai shekara sittin a sama, gurgu a ƙasa. Da wani ne da na samu labarin wata guda.

Kwamiti mutum huɗu. Sumayya a kujera ita kaɗai a tsakiya, kamar mai jiran allura. Na shiga ba a kira ni ba. Na ce na kawo ɓeran da ake ta magana. Ba wanda ya motsa. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na yi wasa a ɗaki ya faɗi ƙasa ya mutu.

Sai na buɗe shafi na casa'in da biyu na karanta. Na sa aka kawo buhun da ya rage na nuna musu ƙulli biyu. Na ce yarinya ta tambaye ni, na ce mata babu. Na ce Joshua ya gaya mini tun kafin ruwa, waya na hannuna, ban kira ba. Oga Gyang ya tambayi dalili. Na shirya amsa mai tsawo a keke, a kan shekara talatin da ɗaya da rashin godiya. Abin da ya fito shi ne: an tafa mata.

Ban kalli inda take ba.

An bar ta a aiki. Kamfani zai sake ba manoman iri, in suka shuka cikin satin nan za su samu wani abu, ko da rabi. Ni kuma in na warke in kawo mabuɗai. Oga ya faɗa a hankali, wannan karon yana kallona, ba bango ba. Ya ce kafin nan duk abin da ke kaina a zuba a wayar.

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Ta shigo da waya da littafin baƙi. Ta zauna nesa kaɗan, inda take zama in baƙo ya zo. Ta danna ta ce, "Malam Ishaku, faɗi sunanka da aikinka."

Na ce ai yanzu ta faɗi sunan, aikin kuma babu. Gefen bakinta ya ɗan motsa, ta danne. Na gani dai.

Minti arba'in muka yi, shafi uku. Duk abin da na faɗa sai ta ce, babu wani abu kuma? Sai in tsaya in yi tunani sosai. Sau biyu akwai.

Na tambaye ta Mwadkon awa nawa yanzu. Ta ce goma sha huɗu. Ko ni da lissafi ya kora daga makaranta na san saura mini sha uku da 'yan kai kafin in kamo shi. Zan kamo shi. Ba zan bari mai wushiryar nan ya fi ni surutu a tarihin kamfani ba.

Jibi Joshua zai kai sabon iri bayan Kuru. Na ce a ajiye mini gaban mota. Gida goma sha bakwai ne, kuma Atine ce ta farko a hanya. Har yanzu ta ɗauka ni ne wanda ya san aikin. Dankalinta shida suna aljihun farar riga, zan mayar mata da hannuna, in gaya mata wanda ya ɗaura ƙullin.

Sumayya ta ce za ta bi mu, don a rubuta. Da za ta fita ta ɗauki sandata daga ƙasa ta jingina inda hannuna zai kai. 

Yau ma ban ji kalmar ba. Ina ƙirgawa.